Gawar da Malam Ya Kai Gida

A Kakuri muka zauna shekarun da masaƙa ta fara sallamar ma'aikata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani Kirista ɗan kudancin Kaduna, abokin aikin mijina a ɗakin rini. Tare suke fita, tare suke dawowa da hannuwa shuɗɗa. Matarsa kuwa ƙawata ce ta gaske; duk Kirsimeti shinkafarta ce ke fara shigowa gidanmu.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da maƙwabcin namu, sai ya riƙe hannun mijina Malam ya roƙe shi abu ɗaya: in ya cika, a kai shi ƙauyensu a binne shi kusa da ubansa. Malam ya ce ya ɗauka.

Ya rasu tsakiyar damina, matarsa da cikin wata tara, ƙafafu a kumbure. Unguwarzoma ta ce ko kusa kada ta hau mota a wannan hanya. Matar ta shigo ɗakina ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in roƙar mata Malam a binne mijinta nan Kaduna, ta ga an sa shi a ƙasa, yaranta kuma su san inda za su je.

Wallahi na yi faɗa ranar. Na ce wa Malam mamaci ba ya jin sanyi ba ya jin kewa, mai rai ce ke kuka. A duba abin da zai biyo baya, wa zai amfana, wa zai cutu. Malam ya ce shi bai san wannan awo ba. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ɗora masa ba ya nan balle ya sauke masa. In sai da daɗi ake cika magana, to maganar kowa iska ce. Na ce kai dai taurin kai gare ka, ka sa masa rawani ka kira shi amana.

Muka kai wa Inna, uwarsa, ƙara. Na zaci za ta raba gardama, sai ta ƙi. Ta ce ita ba ta san doka ba, ba ta san awo ba, mutum ta sani. Ta dubi ɗanta.

“Mutumin kirki yana da alkawari, yana kuma da tausayi. Yau sun rabu hanya. Duk wanda ka bi, kada ka dawo kana murna.”

Ya bi alkawari. Shi da dattawan cocin mamacin suka ɗauki gawar a bayan a-kori-kura. Ni na riƙe matar a bakin titi, tana kallon motar har ta sha kwana. Kwana kaɗan ta haihu, namiji. Kafin ta samu zuwa ƙauyen, ciyawa ta rufe kabarin, sai nuna mata aka yi da hannu.

Ba ta taɓa zagin Malam ba. Gaisuwa kawai, a taƙaice. Da Kirsimeti ta zo kwano ya shigo kamar kullum, amma ɗiyarta ta ce mama ta ce ni da yara kawai aka kawo wa. Malam yana zaune a tabarma, ya ji. Ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Na daɗe ina jin ni ce da gaskiya. Yanzu ban sani ba, kuma wannan rashin sanin yana cina. Shi bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko sau ɗaya.

Sai da nasa ciwon ya zo, irin na abokinsa. Na san yadda yake son garinsu, kullum yana zancen tsamiyar maƙabartarsu. Na sunkuya na tambaye shi ko yana so a kai shi can, na ce zan tsaya a kai.

Ya girgiza kai.

“Kada ki ɗaukar mini komai. Inda ƙafarki za ta iya zuwa, nan za a sa ni.”