Bindigar da Sada Ya Hana Ni Taɓawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sada ya rasu.

Da safiyar yau labarin ya same ni, ina buɗe shago. Kuma ba daga gidansa aka kira ni ba. Isuhu direba ne ya kira ni.

Bayan na yi salati, abin da ya fara zuwa raina shi ne, to, har a nan ma shi ya riga ni ji? Allah ya yafe mini, amma haka na ji.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Sada maharbi ne, mutumin Daddara, abokina tun muna yara muna harbin kurciya da danƙo. Tare muka fara bin manya farauta, tare muka yanki lasin. Kafin daji ya gagari mutane, duk wanda gyado ya addabi gonarsa tsakanin Daddara da Bugaje, Sada yake nema. Ni sai an rasa shi ake tunawa da ni.

Bindigarsa gadon mahaifinsa ce, tsohon ma'aikacin gandun daji. Ƙotarta ta yi baƙi da gumin hannu. Tawa kuwa sabuwa na saye ta, ko daga nesa ka hango ta sai ka sake kallo.

Da farko kunnen doki muke yi. Mukan kafa gwangwanin tumatir a kan suri, ya harba ya samu, in harba in samu. Da shekaru suka ja sai tawa ta fara watsa harsashi, wannan ya yi sama, wancan ya yi dama. Tasa tana nan inda take.

Na ɗora wa harsashi laifi. Na ɗora wa idona, har tabarau na yanka a Katsina. Akwai lokacin da na fara zargin ko wani asiri ya yi mata, na kuma faɗa masa a gaban mutane. Dariya ya yi har da riƙe ciki.

Ni dai na san ba wanda ya kai ni kula da bindiga. Duk Juma'a in an sauko masallaci zan shimfiɗa tabarma, in naɗa soson ƙarfe a rodi, in tsoma a kalanzir, in zura ta baki in yi ta dirza har sai na leƙa na ga cikin bututun yana ƙyalli kamar sabon kwano. Da daji ya rufe ma sai na ƙara, tunda ba abin da ya rage mini da ita sai wankin.

Shi kuwa igiya ce da ɗan tsumma da ɗigon man keken ɗinki. Ya ja ta daga baya zuwa baki, ya sake, shi ke nan. Shi ma sai in ya yi harbi, ko kuma da damina saboda tsatsa. Yakan ce bututun da aka shafa wa mai yanzu ba ya faɗin gaskiya a harbin farko, don haka sai ya zubar da guda a suri kafin ya shiga daji. Ni ƙazanta da lalaci nake kiran wannan.

Mutum ne mai kyauta. Ranar da na dawo hannu rabbana, kafin mu shiga gari zai zare cinyar gada ya tura cikin jakata, don kada iyalina su gan ni haka. Bai taɓa tayar da maganar ba ko da wasa.

Shekarar da mai ɗakina ta kwanta asibiti, da shanunsa aka yi mini huɗa. Sai da na dawo na tarar har an yi shuka.

Amma bindigar nan, ko riƙewa bai taɓa bari na yi ba.

"Rabe, ɗauki babur, ɗauki shanu, amma wagga a'a."

Na haƙura. Na ce wa kaina ai gado ce, ba ya ba kowa.

Sai ga Isuhu. Mutumin wajen Maraɗi ne, yana jan babbar mota yana tsallaka boda da kaya, ya zo ya kama gida a nan. Jiya-jiyan nan ya zo. Bai san sawun gada ba, bai san na zomo ba. Sha'awa kawai ta kai shi zauren Sada, ya riƙa zama yana jin labarin daji, yana kawo masa shayi da dabino.

Wata rana na yi sallama na shiga, sai na ga bindigar Sada kwance a cinyar Isuhu, yana jan igiya, Sada yana gefe yana gyaɗa kai.

Na gaishe su a tsaye na juya.

Ban ɓoye muku ba, abin ya ci ni, har yanzu ma yana ci na. Ni da muka ci ƙasa tare, ni da na goyo shi daga daji ranar da ƙaya ta huda masa ƙafa, a hana ni, a ba baƙon da ko kurciya bai taɓa kayarwa ba. Na rage zuwa gidan. In ya kira sai in ce shago ya riƙe ni.

Makon jiya ya aiko, wai in zo da bindigata. Na same shi kwance a gindin bishiyar bedi, ƙafafunsa sun kumbura, ya rame. Ya karɓe ta, ya buɗe, ya ɗaga ta wajen haske ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya ɗauki harsashi ya sa tsininsa a bakinta. Ya nutse lumus. Ya sa a bakin tasa, ya cije bai shiga ba.

Ya ce waɗannan layukan da suka murɗe a cikin bututu su ke juya harsashi ya tafi a miƙe, ni kuma na cinye su da rodi, musamman a baki, inda harsashi ke rabuwa da bindiga. Ya ce tasa ma ta tsufa, wuta ta ci ta daga baya, ta fara ja hagu. Amma hagun nata ɗaya ne kullum, ya san shi, yana gyara saiti. Tawa kuwa ita kanta ba ta san inda za ta jefa ba.

"Ba harbi ya kashe ta ba, Rabe. Wanki ne."

Na ce me ya hana shi gaya mini tun da wuri? Ya ce ya faɗa ya fi a ƙirga, ni ne ba na jin magana in daga bakinsa ta fito. Ban musa ba, amma ban ji daɗi ba. Na ce shi ya sa ka ba Isuhu ke nan? Ya ce hannun Isuhu da sauƙi.

An kawo mini fura, ko rabi ban sha ba na tashi. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Yau da na isa, Isuhu na zaure idanunsa sun yi ja. A gaban Abu ƙanen Sada ya faɗi wasiyyar. Bindiga ta magada ce, za ta zauna a gidan, amma shi Isuhu ne zai riƙa duba ta har babban ɗan ya dawo daga Fatakwal. Na sunkuyar da kai. Baƙin cikina kuwa ba duka ne na mutuwar ba.

Sai Isuhu ya juyo gare ni.

"Wanka kuma, ya ce kai za ka yi mishi. Ya ce Rabe ba shi barin dauɗa ko'ina. Amma a ce mishi ya yi a hankali."

Abu ya ce haka ne, a gabansa aka yi.

Ni na yi wa Sada wanka. Isuhu ne ya riƙa zuba mini ruwa. Tunda nake ban taɓa riƙe wani abu da taushi irin na yau ba. Na bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya yi kanta saboda jan kunama. A nan kuka ya ƙwace mini, Isuhu ya ajiye buta ya jira ni.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar.

Zan ci gaba da wucewa in ga bindigar nan a cinyar Isuhu, kuma na san kaina, zai ci gaba da sosa mini rai. To, ya riƙe ta. Sada ya san abin da ya ba kowa.

Allah ya jiƙanka Sada. Allah ya wanke ka daga zunubi fiye da yadda hannuna ya iya, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya ba iyalanka haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya sanyaya mini zuciya.