Ɗalibar da ba ta ci a gidan A'i

A'i ta haura shekara hamsin. Gidanta na ƙasa ne, ɗaki uku da rumfa, a wata unguwa bayan tashar mota a Birnin Konni. Tun da mijinta ya rasu take soya ƙosai da safe a bakin hanya. Ɗakin da ya bari kuwa ta sa 'yan mata masu karatu a wata makarantar koyon aikin jinya da ke cikin gari. Makarantar ba ta da wurin kwana. Ɗalibai maza sukan haɗu su kama ɗaki su shimfiɗa tabarmi. Mata kuwa iyayensu ba sa yarda sai gidan da akwai babba a ciki.

Dokar gidan ba ta da yawa. Kowace yarinya iyayenta su aiko da hatsi daga ƙauye, a haɗa tukunya ɗaya, girki yau ke gobe ni. In an sauke, a ci a kwano ɗaya ƙarƙashin rumfa, A'i na zaune tare da su. Haka ta saba da 'ya'yanta, haka take yi da na mutane.

Bana mutum biyu ne a ɗakin. Akwai Nasiba, 'yar manoma daga Tsarnawa, tana shekara ta biyu, bakinta ba ya hutawa. Akwai kuma Jamila, 'yar wani makiyayi mai suna Jaje daga wata ruga a ƙasar Alela, wadda ita ce mace ta farko a rugarsu da karatu ya kai nan. Yayarta ce matar Saminu, ɗan A'i, mai tuƙin babbar mota a Malbaza. Don wannan surukuta ce ma Jaje ya yarda ta shigo birni. Ranar da ya kawo ta ya ce in garin bai karɓe ta ba, zai zo ya mayar da ita gida.

Jamila ba ta ci. Takan zo bakin kwano ta zauna a gefe, ta yi loma ɗaya ko biyu kanta a sunkuye, ta ce ta ƙoshi. A'i ta ɗauka baƙunta ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Ta ce ko tuwon ne bai yi mata ba, sai ta sayo nono a kasuwa, ta dama fura da hannunta, ta zauna a gabanta ta ce sai ta ga ƙarshen ƙwaryar. Yarinyar ta kurɓa ta ajiye ludayi. Ta kai ta likita aka auna jini, babu zazzaɓi. Ta karɓo rubutu wajen malamin unguwa. Farar rigar makaranta ta fara yi wa Jamila yawa. Wata rana aka dawo da ita a kan kabu-kabu, jiri ya kwashe ta a asibitin da suke koyon aiki.

Ranar kasuwa Jaje ya shigo gari da tumaki. Ya tsaya a zaure, ko ruwa bai sha ba. Ya daɗe yana duban 'yarsa.

"Uwar Saminu," ya ce, "ban ce kin yi laihi ba. Amma ba haka na kawo ta ba. Ƙarshen wata zan komo. In na ishe ta haka, karatu ya ƙare."

A kwanakin nan ko ƙosai in A'i na soyawa sai ta bar shi ya ƙone. Ta ƙara mai a miya, ta ƙara zama kusa da yarinyar, tana tura mata nama gabanta. Loma biyun ma ta koma ɗaya.

Wata rana da hantsi A'i na wanke wake, Jamila na makaranta, ta kira Nasiba.

"Ke da kuke ɗaki guda, ba ki ga komi ba? Ko wani ciwo take ɓoyewa?"

Nasiba ta kau da kai. Can ta fashe da dariya.

"Inna, ran da kika tahi suna, kin san wa ya kankare tukunya? Wallahi sai da muka yi kokawa kan ƙanzo. Na ce mata, ke ɗiyar Hillani, ashe rami gare ki a ciki."

"Kuma kika bar ni ina yawon likita da malamai?"

"Ta sa na rantse. Ta ce su ba su cin abinci gaban surukai. Gari take jiƙawa a ɗaki in kin hita, shi ma a tsorace."

"Ina surukar? Ni ɗiya na ɗauke ta!"

"Ke kika ɗauke ta ɗiya, Inna. Ita uwar mijin yayarta take gani."

A'i ta san kunyar suruka. Ita ma da tana amarya ba ta tauna a gaban uwar mijinta. Abin da ba ta taɓa kawowa ba shi ne kunyar za ta tsallake amarya ta kama ƙanwarta, har ta hana ta ci.

Ba ta yi wa Jamila maganar ba, don ta san faɗa mata ƙara mata nauyi ne. Da aka sauke abincin rana sai ta zuba nata a ƙaramin kwano, ta yafa mayafi, ta ce maƙwabciyarta Gimbiya na nemanta. Da yamma ma haka. Washegari ma haka.

Hankalinta bai kwanta ba. A da tana gani ba a ci, yanzu ba ta gani ko kaɗan. Takan zauna a gidan Gimbiya kunnenta na kan katanga. In ta dawo ta ɗaga murfi ta tarar da kwano fes, amma ta san Nasiba ita kaɗai ma tana iya tashi da shi. In ta tambaye ta, sai Nasiba ta ce, "Inna, ki dubi wuyanta mana." Takan duba. Wani lokaci ta ga kamar ya ciko, wani lokaci ta ga kamar idonta ne.

Ƙarshen wata Jaje ya dawo. Ya kira Jamila zaure, suka yi ta magana da Fulatanci. A'i na tsaye bayan ƙofa, ba ta jin ko kalma ɗaya. Ta ji yarinyar ta yi ƙasa da murya, ta ji uban ya yi gyaran murya sau da yawa. Sannan ya kira A'i.

"Uwar Saminu, zan koma. Sai hutun makaranta in zo ɗaukarta."

Ta raka shi da addu'a har bakin hanya. Da ta dawo ta zauna a kan turmi ta daɗe. Nasiba ce ta leƙo daga madafa ta ce tuwo ya nuna. A'i ta miƙe ta nemi ƙaramin kwanonta.