Ganyen Kaka Lauratu

Idan ka shigo layinmu a unguwar Jurf ta Madina ka ɗaga kai, za ka ga gida ɗaya da samansa ya yi kore shar a tsakanin benaye masu launin ƙasa. Gidan Inna Lauratu ke nan. Gwangwanin madara, tsohon bokiti, har wata tukunyar shinkafa da gindinta ya huje, duk ta cika su da ƙasa ta yi shuka. Akwai rama da yakuwa da tafasa, ga zogale da ya fi ni tsawo. Alhazai ke kawo mata iri daga gida, ita kuma ta sallame su da dabino.

A unguwar Anbariyya, nan cikin Madina, aka haife ta. Mahaifinta Malam Audi ya baro ƙasar Haɗeja yana saurayi da niyyar hajji, hanya ta riƙe shi a Sudan har ya yi aure, daga baya ya iso Madina ya kama aiki a gonar dabino. Inna Lauratu ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma wallahi Hausarta ta fi tawa zaƙi, ni da na biyo miji daga Zariya ya zo karatu a jami'a. Ta yi shekaru tana girki a wata makarantar 'yan mata. Da gwiwa ta fara gardama sai ta ajiye aiki, ta koma kan gwangwanayenta.

Mace ce mai fara'a, abu ɗaya ne ke hana ta sakat, wato jikarta Sumaya, 'yar ɗanta Walid. Yarinyar tana jin Hausa tsaf. Ka aike ta da Hausa ta je ta dawo, ka yi gulmarta da Hausa ta harare ka. Amma bakinta Larabci kawai yake fitarwa. Ko kaka ba ta taɓa kiran Inna ba, sai "sitti", yadda yaran Hijaz ke kiran kakarsu.

"Ummu Marwa," in ji Inna wata rana, don da sunan 'yata take kirana, "ran da na kwanta dama, da wa za a yi Hausa a gidan nan? Da gwangwanaye?" Ta yi dariya, amma ni na san ba wasa take yi ba.

Ran wata Alhamis, zafi ya fara sauƙi, muna tsinkar zogale a saman bene sai ga Sumaya a guje daga rauda, makarantar ƙananan yara. Tana haki ta ce abla, malamarsu, ta ce kowa ya zo ran Lahadi da ganyen harif.

"Harif?" Inna ta tafa hannu. "Ai damina ke nan! Ganyen damina take so. Wannan abla 'yar albarka ce."

A bakin mutanen Sudan, inda uwarta ta tashi, harif shi ne lokacin ruwa. Ni kuma da ɗan bokona ba na iya ganin kuskure in yi shiru. Na ce, "A'a Inna, a littafin makaranta harif ba damina ba ne. Lokacin da ganye ke bushewa ya yi ja ya zube ne. Da Hausa sai mu ce kaka. Ganyen kaka ake nufi."

Sumaya ta zaro ido. Ta dube ni, ta dubi kakarta, ta dubi gwangwanaye, sai ta daka tsalle tana ihu, "Warag sitti! Warag sitti!" Wato ganyen kakarta. Ta ji kaka, ta san kaka ɗaya ce a duniya, ga ta nan zaune da tire a cinya.

Na buɗe waya na nuna musu hoton itatuwan ƙasashen sanyi, ja da ruwan ɗorawa. Inna ta duba ta taɓe baki. "Wannan ai shara ce. Wace malama ce za ta aiki yaro kwasar shara?" Shi ke nan, biyu sun rinjayi ɗaya.

Safiyar Juma'a muka fita, ni da Marwa, Inna da Sumaya, zuwa gonar wani abokin marigayi mijinta a bayan unguwa. Matar da kullum sai ta huta a tsakiyar matakala, ranar ita ce a gaba, abaya na kaɗawa, sanda a hannu ko dogara ta ba ta yi. Iska mai daɗi na busowa daga wajen Uhudu, dutsen ya yi jajir da hasken safiya. Yara kuwa kamar an kwance awaki. Marwa ta ga ƙadangare ta ƙwalla ƙara, Sumaya ta tsoma takalmi a kwatar ban ruwa, suka bi wani malam-buɗe-littafi har sai da mai gonar ya leƙo ya ga ko lafiya.

Inna ta zo da dabararta. Ta ce ba ganyen da zai shiga leda sai an faɗi sunansa. Ta tsinko na farko ta ɗaga. "Ƙawata, wannan magarya. Ce magarya."

"Sidir," in ji Sumaya.

"Wannan lalle."

"Hinna."

"Lalo fa?"

"Muluhiyya!" Ta faɗa tana dariya, ta ɗauka gasa ake yi, kuma ita ke ci.

Haka aka yi ta yi har gindin darbejiya. Inna ta murza na'ana'a ta kai musu hanci, ta nuna musu yadda Malam Audi ke saƙa zobe da ganyen dabino, ta sa wa kowace a yatsa. Murna ta cika gonar, amma na lura muryar Inna na raguwa. A hanyar dawowa ta dogara sandar.

Ni dai tausayin yarinyar ya kama ni, kar ta je a yi mata dariya. Na tsinci busassun ganyen darbejiya masu ruwan ɗorawa na cusa a leda a ɓoye. Muna isa gida Inna ta zazzage ledar a tire, ta tsince nawa ɗaya bayan ɗaya ta watsar, ko kallona ba ta yi ba. Ta ƙara da rama da tafasa daga gwangwani, ta yayyafa ruwa, ta rufe da tsumma mai laima kamar kayan kai kasuwa.

Ran Lahadi da azahar ina wajenta, don na ƙagu in ji yadda aka kwashe. Muka ji an banko ƙofa. Sumaya ta hawo bene fuska a murtuke, hawaye sun bushe a kumatu, ta dire tiren a gaban kakarta. Ashe sauran yara takarda suka yanka suka shafa wa ja da ruwan lemo, wasu ma na roba aka sayo musu. Abla ta yaba ƙamshin na Sumaya, amma ta ce ganyen harif ba kore ba ne. Yarinya ta dage tana son ta bayyana cewa harif shi ne kaka, kaka kuma sitti ce, Larabci ya ƙi ɗaukar mata zancen.

Ta riƙe ƙugu, ta buɗe baki.

"Abla ta ce galat, wai kuskure ne! Ni na ce la, ganyen kaka ne. Kaka tawa ta ba ni! Ita ba ta san tafasa ba, ba ta san komai ba. Ke kin sa an yi mini dariya, Kaka!"

Tsintsiyar da ke hannun Inna ta faɗi. Hausa ce fa ke fitowa daga bakin Sumaya. Yarinya na ta masifa tana buga ƙafa, tsohuwa na kallon bakinta, hawaye na gangarowa, tana murmushi har kunne.

"Me kika ce na yi?" Inna ta tambaya a hankali.

"Kin sa an yi mini dariya!"

"Wa ya sa?"

"Ke, Kaka!"

Inna ta jawo ta ta rungume, Sumaya na ture ta da gwiwar hannu. Ta dubo ni ta saman kan yarinyar ta ce, "Ummu Marwa, kar ki ba ta haƙuri. Bar ta ta gama faɗan."