Tabarmar Gaisuwar Kofur

Shekaru sun ja, kuma na lura ƙwaƙwalwata takan cike gurbin abin da ta manta ba tare da ta sanar da ni ba. Don haka zan faɗi abin ne yadda ya zauna mini, ba zan rantse a kan kowane ɓangarensa ba.

Lokacin na gama bautar ƙasa, ina zaune a gidanmu a Suleja, kullum ina bin motar Abuja neman aiki. Mahaifina tela ne. Shagon da ke jikin zaurenmu kuwa wani soja ne ke haya a ciki. Kofur muke ce masa, har yara ba su san yana da wani suna ba.

Na taɓa tambayarsa me ya fito da shi daga bariki. Ya ce, in na fahimce shi daidai, can ɗaki na masu iyali ne. Marasa aure a dogon ɗaki guda ake tara su, gado jikin gado, ba inda za ka ɗora tukunya.

"Mai digiri," in ji shi, don haka yake tsokanata, "can in ka yi tari kowa ya ji, amma ba mai miƙo maka kunu."

Kullum Inna takan zuba masa tuwo. Ba ta fitowa zaure, daga bayan labule suke magana.

"A miƙa wa gwauro kwanonsa!"

"Haba Inna, kin ƙara mini girma. Gwauro ai ya taɓa ɗanɗanawa. Ni tuzuru ne."

"To tuzuru, sai yaushe? Furfura kake jira?"

"Ki ba ni ƙanwarki mana."

"Ƙanwata ta yi jika, ja'iri."

Wasa ne, amma akwai ciwo a ƙarƙashinsa. Ya taɓa neman wata yarinya a Maje, iyayenta suka ce ya turo manyansa. Bai da wanda zai turo. Iyayensa sun rasu tun yana ƙarami, a wani ƙauye can gabas mai nisa, kuma wanda ya riƙe shi ma ya bi su. Ya faɗa wa mahaifina wannan wata rana da la'asar, yana tsugune gefen keken ɗinki. Baba bai ɗago kai ba, ya ce, "In ka tashi, ni zan je."

Bai kai ga tashin ba aka tura rundunarsu yaƙin Laberiya. Ya kulle shagon, ya leƙa ya ce wa Inna ta ajiye masa rabonsa na tuwo, kada Mai digiri ya cinye.

Ina jin damina biyu ta wuce, ko ɗaya da rabi. Wata safiya wani soja ɗan kudu ya zo yana ɗingishi, ya tsaya a ƙofar gida ya cire hula. Da Hausarsa ta bariki ya ce Kofur ya rasu, an binne shi can. Ya ce ya ji an aika garinsu ba a sami wanda za a faɗa wa ba. Shi dai ya san kullum Kofur in ya ce "gida", nan yake nufi.

Baba ya shiga ya fito da tabarmi.

Maƙwabcinmu, wani mai sayar da hatsi, ya ja shi gefe. "Malam, zaman makoki na dangi ne. Ba gawa, ba ɗan'uwa, wa za a yi wa gaisuwa? Kuma sha'anin soja ne, ka san zamanin da muke ciki." Ni ma, gaskiya, na ji tsoro, don lokacin mulkin soja ne, ba a wasa da abin da ya shafi kaki.

Baba ya ce, "To a bar shi ya tafi kamar an yi ɓatan akuya?" Ya shimfiɗa tabarmar ya zauna. Na zauna kusa da shi.

Da farko ba wanda ya zo. Mutane na wucewa suna kallonmu, wasu su rage tafiya su tambaya a hankali ko lafiya. Can sai mai shayin bakin titi ya zo, sai mai yi wa Kofur wanki, sai 'yan kabu-kabu biyu. Wata dattijuwa mai kawo doya daga Diko ta sauke kayanta ta shige wurin Inna, muka jiyo kukanta. Sojan nan ɗan kudu ya dawo, ya kwance takalminsa ya zauna a bakin tabarma. Ba Musulmi ba ne, bai san abin da ake faɗa ba, sai "Sannu Baba" yake ta maimaitawa. Liman ya zo ya yi addu'a, maƙwabcin namu ma daga baya ya zo ya zauna.

Abin da na fi tunawa shi ne yadda kowa ke tsayawa yana waige-waige kafin ya miƙa hannu. An saba a tarar da uba ko wa ko ɗa a ce masa "ya haƙuri". Wani tsoho da bai san zancen ba ya durƙusa gaban Baba ya yi gaisuwa, sa'an nan ya ce, "Ɗanka ne, Malam?"

Baba ya buɗe baki ya rufe. Ba zai ce ɗansa ba, don ba ya ƙarya. Ba zai iya cewa ɗan haya ba.

"Na gidan nan ne," ya ce. Sai ya ja bakin rigarsa ya rufe fuska. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Da na shiga ɗauko ruwa na tarar da Inna zaune a bakin murhu, wuta ta mutu ba ta kula ba. Ta ce, "Ko mace ɗaya da za ta yi masa takaba babu." Na ɗebi ruwan na fito.

An yi sadakar uku da waina da gumba, aka naɗe tabarmi. Babu wani nasa da ya taɓa zuwa.

Baba da Inna duk sun rasu, ba ni da wanda zan tuntuɓa in na yi shakka. Wataƙila na haɗa abin da ya faru a ranaku daban-daban, wataƙila ma ba gabas ne garin su Kofur ba. Duk wanda ya zauna a ƙofar gidanmu a waɗancan kwanaki, ko ya yi aiki tare da shi, ina roƙonsa ya gyara mini inda na kauce. In kuma akwai wanda ya karanta ya ji kamar ɗan'uwansa ne da ya shiga soja aka daina jin ɗuriyarsa, to ya sani an zauna masa, an yi masa addu'a. Gaisuwar da muka karɓa ta danginsa ce, riƙo muka yi.