Shukun da Kaka Ta Hana Ni

Tun safe nake kai da kawowa a gida kamar wadda ta ajiye abu ta manta inda yake. Na share ɗaki sau biyu, na ɗora ruwan zafin da ba wanda ya ce yana so, na leƙa titi na dawo. 'Yata Hauwa tana zaune a tabarma da tsefaffen kai, jibi Sallah, tana jira in yi mata kitso. Kibiya tana hannuna, amma na kasa zama. Abin da ya hana ni zaman ya girmi yarinyar nesa ba kusa ba. Ya faro ne daga wani gidan haya a unguwar Nima, kusa da babban gwata, inda kakata ta rene ni.

Kaka Hauwa makitsiya ce. Iyayenta fataken goro ne da suka gangaro daga Salaga, shi ya sa Hausarta ta fi ta kowa cika a gidan nan mai ɗaki goma sha ɗaya, inda Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa ke raba famfo ɗaya. Da an idar da Magariba, maƙwabciyarmu Mma Adiza mai shinkafa da wake za ta hura gawayi a kurfoti ta ɗora waken gobe. Kaka sai ta jawo kujerarta kusa da wutar, don ta samu haske, man kaɗanya kuma ya narke. Mu 'yan matan gidan mu kewaye ta, ɗaya a tsakanin gwiwoyinta, saura suna jiran layi.

Kaka ba ta taɓa tambayar mutum wane kitso yake so ba. Haɓa take kamawa, ta juya fuskar wajen wuta, ta bi da babban yatsa daga goshi zuwa muƙamuƙi, sannan ta yanke hukunci. Mai zagayayyar fuska, shuku: a tattara gashin sama, fuskar ta miƙe. Mai doguwar fuska, a tsaga tsakiya a sauko da jela biyu masu kauri ta gefen kunnuwa, irin wanda ita kanta take yi, don a cike mata gefe. Mai faɗin goshi a karkato mata da kalaba gaba. Idan mace ta zo tana cewa ga wanda ta gani a kan wata amarya a Sabon Zongo, Kaka sai ta ce, "To je ki aro fuskar amaryar ki dawo."

Ni kuwa tun ina ƙarama ba na iya zama wuri ɗaya. Ana taɓa kaina zan fara mutsu-mutsu, in ce fitsari, in ce sauro. Ina jin saboda irina ne Kaka ta mai da tatsuniya kayan aiki. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta zo, ga wuri." Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma ɗaya ce takan ajiye sai kaina ya zo hannunta.

Wai a wani gari akwai wata tsohuwar makitsiya a bakin rafi. Ba ta da madubi, kuma sharaɗinta ɗaya ne: kada ki ce mata "irin na wance." Wata rana ƙawaye biyu suka je, Talatu mai zagayayyar fuska da Kande mai doguwa. Ta yi wa kowacce nata. Da suka ratsa kasuwa sai idon mutane ya fi tsayawa a kan shukun Talatu. Kande ta kwana da abin a ranta, gari na wayewa ta tsefe kai ta koma, ta ce irin na Talatu take so.

A nan Kaka takan rage murya ta zama tsohuwar: "Yarinya, kitson nan da fuskarsa yake tafiya. Kin yarda?"

Kande ta ce ta yarda. Kowane layi aka kitsa sai wani abu ya sauya, kumatu su ciko, haɓa ta gajarce. Da aka gama ta ruga gida. Uwarta tana daka, ta ɗago ta ce, "A'a, Talatu, ƙawarki ba ta nan, ta tafi kitso." Ta ce, "Inna, ni ce." Uwar ta yi dariya ta ce ta gaida mutan gida. Kande ta je gidan su Talatu, ta tarar da Talatu zaune tana cin tuwo. Ta koma rafi, babu tsohuwa babu dalilinta. Har yau, in ji Kaka, uwar tana zama a bakin ƙofa, yarinyar tana wucewa kullum ta gaishe ta, ita kuma ta ce, "Talatu, ba ki ga Kande ba?"

Mukan yi caa a kanta. Me ya sa ba ta tsefe ba? Uwar ba ta gane muryar ba? Kaka sai ta ɗaure jelar ƙarshe ta ce, "Ƙurunƙus, wannan kai ya ƙare, a kawo wani." Ba ta taɓa ƙarasa mana ba. Abin da na lura kawai, idan ta zo wajen uwar nan ta bakin ƙofa, hannunta yakan yi tsauri har in ji fatar kaina tana zafi.

To ga inda gizo ke saƙa. Fuskata zagayayya ce kamar faifai, sak irin ta ƙawata Memuna, 'yar Mma Adiza. Memuna kowace Sallah shuku take samu, ta fito wuyanta a miƙe tana yauƙi. Ni kuwa kalaba ake zubo mini ta rufe goshi da kunnuwa da rabin kumatu, in fito kamar dokunu, curin tuwon masarar nan, a cikin ɓawonsa. Kuma ni kaɗai ce Kaka ba ta kama wa haɓa ta juya wajen wuta. Ina zama za ta danna kaina ƙasa ta fara tsaga.

Mma Adiza ma ta taɓa magana, da Hausarta ta Zongo wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kaka, wallahi yarinyan nan shuku zai yi mishi kyau paa. Mi ya sa ba ka yi mishi?"

"Adiza, kula da wakenki, zai kama," in ji Kaka.

Na yi roƙo, na yi kuka, na yi yajin cin abinci na rabin yini. Amsar ɗaya ce: tatsuniyar Kande. Sau ɗaya, ina shekara goma, na lallaɓa bayan gida Memuna ta fara yi mini shuku da hannun koyo. Layi uku ta yi na ji kamar kumatuna suna motsi, na fizge kai na ruga da gudu. Abin dariya ne yanzu, amma a lokacin na ɗauka da gaske akwai wani mugun abu a goshina da Kaka ke rufa mini asiri a kai. Babana, wanda ke sayar da kayan mota a Abossey Okai, ya taɓa kawo mini madubin gefen mota mai tsaga. Nakan ɗage kalabar da hannu in duba, in sake dubawa, ban ga komai ba sai goshi. Haka na girma ina jin ni mummuna ce, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai.

Akwai wata tambayar da ita ma ba ta da amsa a gidan. Mahaifiyata Salamatu, 'yar Kaka tilo, ta rasu ban kai yaye ba. Hotonta ɗaya da ake da shi ruwa ya cinye a wata daminar da gwata ya cika ya shigo ɗakuna. Idan na tambayi matan gida yaya take, sai su ce kyakkyawa ce, Allah ya jiƙanta. Babana sai ya dubi agogo. Kaka kuwa sai ta ce in je in ɗebo ruwa, ko da randa a cike take.

Ina shekara goma sha biyar na samu sakandaren kwana. Takardar ta zo da jerin kaya, bokiti da akwati da zanen gado, a ƙasa kuma dokar da kowa ya sani: 'yan mata su zo da askakken kai. Kaka ta ce ba da kan jikarta ba, makarantar ta sha zamanta. Kwana uku ba ta yi wa babana magana ba. A na huɗu ya ja ni zuwa wani kes ɗin aski a Maamobi, na zauna ina kallon gashin da aka shekara goma sha biyar ana shafa wa man kaɗanya yana zuba a ƙasa.

Da la'asar na dawo gida. Zafi ya ishe ni, ina shiga tsakar gida na cire mayafi. Kaka tana zaune tana tsintar shinkafa. Ta ɗago. Faifan ya zame daga cinyarta.

"Salamatu?"

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, kamar mai tambayar hanya ta faɗa. Mma Adiza ta leƙo daga ɗaki, ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Shi ne kuraa. Ba abin da ya bari."

Kaka ta miƙe, ta zo ta kama haɓata ta juya ni wajen rana. Karo na farko ke nan a rayuwata. Ta bi da yatsa daga goshi zuwa kunne zuwa muƙamuƙi, a hankali, ta sake komawa.

"Shuku take yi," ta ce. "Tun tana kamar Memuna ni nake yi mata. Ranar da za a yi mata wankan gawa, ni na tsefe shi."

Da ma a ce tausayi ne ya fara zo mini. Haushi ne. Na ture hannunta na ce, "Kaka, kin san fuskarta nake nema. Kika rufe ta da gashina, kika bar ni ina jin ni mummuna ce."

Ba ta musa ba. Ta ce, "Na sani. Kasawa na yi."

Na shige ɗaki na ɗauko madubin motar nan. Har aka kira Magariba ina riƙe da shi, ina juya kai hagu da dama, ina gwada murmushi in ga yadda nata yake.

Sai da na gama makaranta gashin ya dawo sannan Kaka ta yi mini shuku. Ita ta kira ni, ban roƙa ba. Ban taɓa ganin layi miƙaƙƙe irin na ranar ba. Ba ta ba da tatsuniya ba, ni ma ban motsa ba.

Da ina yarinya na ɗauka labarin Kande gargaɗi ne ga mai kwaɗayin na wani, kuma haka ne, don har yau idan na ga mace ta miƙa wa makitsiya waya ta ce irin wannan, sai in tsaya in dubi fuskarta. Amma da na girma sai hankalina ya bar kan Kande ya koma kan matar bakin ƙofa, wadda yarinya ke wucewa kullum da fuskar wata tana gaishe ta. Labarin kanta Kaka take ba mu. Ba ta ƙarasa ba ne don ita ma ba ta san ƙarshen ba.

Kaka ta rasu ina jegon Hauwa, shi ya sa aka mai da sunan. Na ɗauka sunan kaɗai yarinyar ta ɗauko. Amma tun da ta yi famfara fuskarta ta fara miƙewa, ƙasusuwan kumatu suka fito, idan ta ɗaure fuska sai in ga Kaka sak. Doguwar fuska ce, na san abin da ya dace da ita sarai. Shekara biyu ke nan ina ɗora mata shuku, fuskar tana ƙara tsawo kamar muciya, ina ce mata ya yi kyau. Jiya ta nuna mini hoto a waya: tsaga a tsakiya, jela biyu masu kauri ta gefen kunnuwa, wai shi ake yayi. Na buɗe baki, wallahi har "ga ta nan tafe" ta iso kan harshena, na haɗiye.

"Mma," ta kira ni yanzu daga tabarma, "in kin gaji in je wajen mai kitson unguwar Kanda."

Na zauna. Na kama haɓarta na juya ta wajen taga, na bi da yatsa daga goshi zuwa muƙamuƙi. Na ɗora kibiya a tsakiyar kai na tsaga.

"Hannunki ya yi tsauri, Mma."

"Zauna daidai."

Na gama ta dama, na gama ta hagu, na ɗaure. Ta juyo tana tambaya ko ya yi. Na dube ta sosai, ban kau da ido ba, duk da hawayen da ya cika shi.

"Ya yi," na ce. "Ɗauko madubi, ki zo ki ga mai sunanki."