Da Sunan Yayata Na Je Asibiti

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambayar me ya hana ni fitowa tuyar masa a titin Mansur, da masu cewa aure na yi a ɓoye, ga amsarku. Ba aure ba ne, kabari na leƙa na dawo.

A unguwar Tandabawi, nan ƙasa mai tsarki, aka haife ni, Kano a bakin mutane kawai nake jin ta. Amma a takarda ni baƙuwa ce, kuma tun da Babanmu ya rasu igamata, wato takardar izinin zama, ta mutu, don a ƙarƙashinsa nake. Irina muna da yawa a garin nan. Marar igama ya fi tsoron asibiti a kan ciwon da ke cinsa.

Ran wata Talata ina gaban tanda cikina ya fara murɗawa a wajen cibiya. Na ce yunwa ce. Zuwa la'asar ciwon ya gangara gefen dama, ga amai. Kwana biyu ina shan jiƙon kanwa da habbatus sauda. A na uku ko miƙewa ba na iyawa.

Yaya Habi, wadda nake bi, tana da igama da katin asibiti ta hanyar mijinta. Ta miƙo min su ta ce, "Yalla, maza sa niƙabinki mu tafi. Yau ke ce Habi. Duk abin da aka tambaye ki, ki ce aiwa, wato e."

Ba a kanmu farau ba. Kati ɗaya yakan yi wa mata uku magani a unguwarmu, tunda ba kowa ke cewa mace ta ɗaga niƙabi ba.

A asibiti likitan ya danna cikina ta saman abaya, na yi ƙara. Ya juya ga kwamfutarsa ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, "Da na ce afendis ne, to amma ga shi a fayil ɗinki an cire miki shi shekara uku da suka wuce. Haka ne?"

An cire, amma a cikin Yaya. Ni ce ma na yi jinyarta.

Na dube ta. Idan na ce a'a, asiri ya tonu, igamarta da ta mijinta da ta 'ya'yanta huɗu duk sun shiga uku saboda ni.

Na ce aiwa.

Ya ce kumburin hanji ne, ya rubuta maganin kashe ciwo. Ban ga laifinsa ba, abin da muka ba shi ya karanta. A mota Yaya ta ce, "Ƙila ma ba shi ba ne, Rabi." Na ce ƙila.

Bayan kwana biyu ciwon ya lafa farat ɗaya, har na sha kunu ina murna. Ashe afendis ɗin ne ya fashe. Sai zazzaɓi mai karkarwa, ciki ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Aka kwashe ni zuwa babban asibiti, nan ma da sunan Habi.

Wannan karon mace ce likitar. Ta karanta fayil, ta yaye rigata ta duba, ta sake dubawa.

"Ina tabon aikin?"

Na kau da kaina gefe.

Ta ce, "Ni ba 'yar sanda ba ce. Amma ba zan yanka cikin da ban san mai shi ba, kuma ba ki da lokaci. Wace ce ke?"

Wallahi har a lokacin ban yi niyyar magana ba. Na riga na zaɓi mutuwa, ina jin tsoronta kuma. Sai Yaya ta ɗage niƙabinta ta ce, "Duktura, ni ce Habi, tabon yana jikina. Wannan ƙanwata ce Rabi, ba ta da igama. Ki cece ta, ni na ja mata."

Kwana sha tara na yi a kwance, huɗu daga ciki ban san inda nake ba. An yanke wani ɓangare na hanjina. Robobi biyu suna tsotse mugunya daga cikina, ga wari da ni kaina nake ƙyama. Kullum da safe a ɗebi jini, a wanke ciwon ina cizon mayafi. Ɗinkin ya buɗe, aka sake. Kuɗin aikin kuwa, sai da Yaya ta sayar da gwal ɗin aurenta, matan unguwa suka cika.

Ranar sallama likitar ta gaya min haihuwa za ta iya yi min wuya, saboda ɓarnar da mugunyar ta yi. Shekarata ashirin da shida. Na yi kuka, har yanzu ina yi.

Maganar katin ma ba ta mutu ba. An kira mijin Yaya ya amsa tambayoyi, har yau ba su san makomar igamarsu ba. Ni kuwa an ɗauki hoton yatsuna, an ce sai na bar ƙasar nan. Bayan Sallah zan tafi ƙasar da ake cewa tawa ce.

Alhamdulillah, ina tafiya da ƙafata, ina cin tuwo. Allah Ya saka wa likitar nan da alheri, da matan Tandabawi, da mijin Yaya da bai taɓa canza min fuska ba.

'Yan uwa, ciwon da ya tashi daga cibiya ya koma dama ba na kanwa ba ne, ku je asibiti a ranar. In ya lafa kwatsam, kada ku yi murna. Kuma kada ku ari katin kowa, don tarihin jikinsa kuke ara. Ku faɗa wa likita gaskiya ko da me za ta jawo, mai rai shi ke neman takarda.

Na adana 'yar robar da suka ɗaura min a hannu bayan aiki. Shekara tara rabon da a rubuta sunana a wata takarda a garin da aka haife ni, sai a jikinta. Da ita zan tafi.