Filin Albasar da Hajo Ta Ƙi Nomawa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Hajo, Allah Ya jiƙanta. Ni da na koyar da tarihi har na yi ritaya, na san yadda ake rubuta tarihin ƙungiyoyi: a fara da ranar da manya suka zo suka yi jawabi. Tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan garinmu kuwa da gonar albasa ya fara.

Hajo bandar kifi take yi a Yelwa. Abin da ta gada daga mahaifinmu wani fili ne a bakin ruwa, irin wanda tafki ke haɗiyewa idan ya cika, ya mayar idan ya janye. Duk mai irin wannan fili albasa yake dasawa. Wata shekara ta je duba nata, sai ta tarar da 'yan matan masunta suna buga ƙwallon tsumma a kai, domin duk filin da ke cikin gari samari sun riga su. Ta tsaya ta yi kallo, ta dawo gida, ta ba maƙwabciya irin albasarta.

Na ce mata, "Yaya, ƙwallo ake ci?"

Ta ce, "Kai Malam, alli kake ci?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Ragar farko tsohon taru ne da ta roƙo wajen masunta. Baƙin da suka zo wasa sun sha ƙorafin ƙarnin kifi, amma sai bayan an ci su. Tafki ne ke tsara musu kakar wasa: ya janye a buga, ya dawo a huta. A watannin hutun Hajo ke bin gidaje tana lallashin iyaye, tana kai wa tela ɗinkin dogayen wanduna, har ya zama uba ba shi da sauran hujja sai fargabar bakin mutane. Wannan kuwa ta ce a bar mata, nata bakin ya fi. Har ta koma ga Allah ba ta san dokokin wasan ba, kuma ba ta taɓa yarda alƙali ya yi gaskiya ba idan ɗiyanta ya busa wa usur.

Sannu ba ta hana zuwa. Yau ƙungiyar tana da mota, da albashi, da filin da ruwa ba ya ci. Balki, wadda ta tsare musu gida ba takalmi a gaban tarun nan, ita ke horar da su. Nakan tambayi kaina me Hajo za ta ce da ta ga wannan. Ina jin sai ta fara tambayar ko yaran sun ci abinci, sannan ta yi faɗan wanda ya sa aka sayi raga alhali taru na nan birjik.

Bana ɗanta Sani, wanda ya gaji filin, ya zo ya same ni. Ya ce, "Kawu, ƙungiya ta tashi, ta bar wurin. Ni ko ina da iyali. Albasa zan dasa." Ban ga laifinsa ba, kuma ban ce masa albasa ba ta yi halin ruwa ba, ko da yake karin maganar ya zo mini har leɓe. Haƙƙinsa ne. Na dai ce mu je tare.

Mun tarar ruwa bai gama janyewa ba, amma har an kafa sandunan raga. Wasu 'yan mata ne, ƙannen na da, waɗanda ba su taɓa ganin Hajo ba. Sani ya shiga tsakiya yana auna wurin da ido. Sai mai tsaron gidansu ta ɗaga murya: "Baba, ka fita daga filin Inna Hajo, wasa ake!"

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya fita.

Ya dasa albasarsa, amma a gefe ya kewaya, ya bar tsakiya. Sunan Hajo ba ya jikin mota, ba ya jikin riga. Wanda ke son ganin abin da ta bari, ya sauka bakin ruwa idan tafki ya janye: zai ga kore ta ko'ina, sai wuri guda da ƙafafu suka daddaɓe. Idan ƙwallo ta faɗa cikin albasa, Sani yakan yi mita. Sannan ya sunkuya ya jefa musu.